Wanzami ba ya son jarfa: wa ake yi wa dariya a dokumentarin bogi?

Abban Sadiq:
Salamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo shi nan. Na sake kallon Borat na farko, na 2006, wanda rabona da shi ya fi shekara goma. Don waɗanda ba su san shi ba: ɗan barkwancin Birtaniya ne, Sacha Baron Cohen, ya yi shigar ɗan jarida wai daga Kazakistan, ya shiga Amurka da masu kamara a bayansa yana cewa dokumentari yake haɗa wa mutanen ƙasarsu. Yawancin waɗanda yake hira da su mutanen gari ne na gaske, ba su san wasa ake ba. Irin wannan fim ɗin nake kira dokumentarin bogi: riga ta gaskiya, ciki kuwa ba'a.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma ina gamawa sai watan Yunin 2020 ya faɗo mini a rai. Bayan kashe George Floyd, Netflix ta sauke Little Britain da Come Fly With Me saboda 'yan wasan, waɗanda Turawa ne, sun shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe. BBC ma ta cire Little Britain daga manhajarta. A Ostireliya Netflix ta sauke shirye-shirye huɗu na Chris Lilley kan irin wannan dalili. To madalla, ban ce ba su kyauta ba. Amma wata huɗu kacal bayan haka, a Oktoba, Amazon ta saki Borat na biyu, inda aka ɗauki ƙasa sukutum da sunanta na gaskiya aka mayar da ita ƙasar jahilai masu kulle 'ya'yansu mata a keji. Aka tafa masa, har ya ci kyautar Golden Globe biyu. Da wane mudu ake wannan awon? Ƙasar mutum sama da miliyan 20 ita ba ta da zuciya ne?

Gagarabadau:
Wa alaikumus salam. Mutumina, ka kalli fim ɗin amma ba ka gan shi ba. Ba Kazakistan ake zolaya ba, Amurkawa ake zolaya. Borat tarko ne, wawantarsa kuma ita ce abincin tarkon. Yana fito da wata mummunar magana da fuskar baƙo marar wayo, sai ya tsaya ya ga wa zai gyaɗa kai. Ka tuna wurin wasan hawan shanu na Salem a jihar Virginia? Ya karɓi makirufo ya yi wa shugaban Amurka na lokacin, George Bush, fatan shan jinin mutanen Iraƙi, har mata da yara, aka samu masu shewa. Can da ya ɗauko karin taken Amurka ya ɗora masa wasu baituka na shirme, nan take filin ya rikice da ihu. Jinin yara bai tayar musu da hankali ba, waƙa ce ta tayar. To wa aka tona wa asiri a nan, Kazakawa ko masu zama a kan bencin?

Kuma ko kalma ɗaya ta harshen Kazak babu a bakinsa. Ibrananci yake yi mafi yawa, abokin tafiyarsa kuma yana amsa masa da Armeniyanci. Shi kansa ya faɗa wa mujallar Rolling Stone a 2006 cewa ba'ar tana kan wanda zai yarda akwai irin wannan Kazakistan ɗin ne.

Abban Sadiq:
Na san wannan amsar, ita ce ake ba kowa. Amma a 2012 da ya yi The Dictator ai ƙasa ya ƙirƙira, Wadiya, wadda babu ita a taswira. Ashe ya iya ƙirƙira. Me ya hana shi a nan?

Ɗan Kamara:
Bari in shigo ta ɓangaren sana'a, tunda tace bidiyo nake yi. The Dictator fim ne na 'yan wasa zalla, kowa ya san aikinsa. Borat kuwa sai mutumin da ke gabansa ya yarda tukuna abin zai yi aiki. Idan ka ce masa kai ɗan wata ƙasa ce da bai taɓa ji ba, zai yi shakka. Idan ka ce Faransa, ya san Faransawa, zai gane ƙarya. Abin da kake nema shi ne ƙasar da ya taɓa jin sunanta a labarai amma bai san komai a kanta ba. Kafin halin nan ya zama ɗan Kazakistan an taɓa yin sa ɗan Moldoba, an yi shi ɗan Albaniya. Ka ga irin ƙasashen da ake zaɓa.

Sai dai, Gagarabadau, wannan ba wanke shi ya yi ba. Ya nuna cewa an zaɓi Kazakistan ne daidai saboda ba ta da mai tsaya mata a kunnen masu kallo. Raunin nata shi ne jarin fim ɗin.

Ummi K.:
Yaya Gagarabadau, ka yi haƙuri, amma maganar "ba su ake nufi ba" tana da daɗin faɗa ne ga wanda ba sunan ƙasarsa ke jikin fosta ba. Lokacin da nake karatu a waje mun zauna gida ɗaya da wata Bakazaka, injiniyanci take karantawa, ta fi mu duka ƙwaƙwalwa. Duk inda ta faɗi ƙasarsu sai an samu wani ya ɗaga manyan yatsu biyu ya karya harshe ya jefo mata kalmar nan ta Borat, "very nice". Ranar da ba zan manta ba mun je wani ofis yin rajista, ma'aikacin ya buɗe fasfonta, ya kalle ta, ya yi mata abin nan. Ta yi murmushi, ta karɓi takardarta, ta gode masa. Da muka shiga lif sai ta cire tabarau ta yi ta gogewa da gefen mayafinta har muka sauka, ba ta ce mini uffan ba. Daga baya in an tambaye ta sai ta ce "kusa da Rasha nake."

Wannan fa ƙasar da daga cikinta, a Baikonur, aka harba Gagarin sararin samaniya a 1961. Ita ce ta tara a girman ƙasa a duniya, ita ke kan gaba wajen haƙo yuraniyom. Amma mutum ɗaya da gashin baki ya rufe duk wannan.

Gagarabadau:
Ƙanwata, Allah ya ba ƙawarki haƙuri, wancan ma'aikacin bai da tarbiyya. Amma ki tambayi gwamnatinsu. Da farko sun yi fushi, har suka rufe shafinsa mai adireshin ƙasar a ƙarshen 2005. A 2012 ministan harkokin wajensu, Yerzhan Kazykhanov, da bakinsa ya gode wa fim ɗin, ya ce bizar da suke bayarwa ta ninka sau goma. A 2020 hukumar yawon buɗe idonsu ta ɗauki kalmar Borat ɗin ta yi talla da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In su sun yafe, mu mene ne namu?

Ummi K.:
Gwamnati ce ta ga kuɗi, Yaya. Ba ita ake yi wa dariya a layin rajista ba. A wannan shekarar ta 2012 da kake faɗa, a wata gasar harbi a Kuwait, 'yar Kazakistan ta ci lambar zinare, ta hau dandamali ta ɗora hannu a ƙirji, sai masu shirya gasar suka saka mata taken ƙarya na cikin fim ɗin, wanda suka sauko da shi daga intanet suna zaton na gaske ne. Bidiyon yana nan, je ka dubi fuskarta. Kuma a 2020 ɗin, ƙungiyar Kazakawa mazauna Amurka ta rubuta wa Amazon tana neman kada a saki na biyun. Wa ya saurare su?

Barista Nura:
Ni abin da ya fi damuna ba Kazakistan ba ne ma. Ita ƙasa ce, tana da jakadu da kuɗin sayen shafukan talla a New York Times, kuma ta saya. Ku tambayi inda aka ɗauki farkon fim ɗin, wancan ƙauyen da aka ce garin Borat ne. Ba a Kazakistan yake ba. Glod ne, a Romaniya, mazauna cikinsa galibi 'yan ƙabilar Roma ne, talakawa liƙis. Sun ce an gaya musu fim ne kan halin ƙuncin da suke ciki, aka ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da fim ya fito, wani dattijo ya tarar an gabatar da shi ga duniya a matsayin mai zubar wa matan gari ciki. Wani mai dungun hannu an ɗaura masa wani abin batsa na roba a wurin hannun, shi bai san ko mene ne ba. Ba sa jin Turanci, ba su san me ake faɗa a kansu ba. Mutum biyu suka shigar da ƙara a New York suna neman dala miliyan 30, ba ta kai ko'ina ba. Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 18 ya tara sama da miliyan 260.

Gagarabadau, waɗannan wane son zuciya aka tona musu? Wace wariyar launin fata suka nuna?

Gagarabadau:
Wannan kam ba zan kare shi ba. Na ji kunyarsa. Amma minti nawa ne a cikin fim ɗin?

Baffa Tsoho:
Ɗana, minti kaɗan ne a wurinka. A wurin mai dungun hannun kuwa shi ne fim ɗin gaba ɗaya.

Barista Nura:
Allah ya ja kwana, Baffa. Bari in ƙara yadda dabarar take, don mutane su daina mamakin yadda ake faɗuwa a kotu. Kafin a kunna kamara ana miƙo maka takardar amincewa, da sunan wani kamfani da ba ka sani ba, ana cewa fim ne mai salon dokumentari don masu kallo matasa. A ciki akwai layin da ka yafe haƙƙin kai ƙara kan ɓata suna, kan yaudara, har da cewa ba ka dogara da duk wani abin da aka gaya maka da baki ba. Ka rattaba hannu a tsaye, shi ke nan. Ɗaliban jami'ar South Carolina da aka nuna suna ɓarin zance kan mata da bayi sun ce an ba su giya kafin su sa hannu, kotu ba ta karɓa ba. A 2008 kotun tarayya a New York ta kori ƙarar mai koyar da tuƙi da wasu mata biyu na wurin koyar da ladabin zama a tebur. Ko Roy Moore, tsohon babban alƙalin Alabama, ya nemi dala miliyan 95 kan shirin Baron Cohen mai suna Who Is America? na 2018, ya sha ƙasa. Alƙali ma takarda ta ci shi, balle mai koyar da tuƙi.

Wanda na san an sasanta da shi a wajen kotu shi ne Bafalasɗinen nan na fim ɗin Brüno, na 2009. Kirista ne, mai shago a yankin Baitalami, aka rubuta a ƙasan hotonsa cewa jagoran ƙungiyar ta'addanci ne. Ku yi tunanin abin da wannan rubutun yake nufi ga mutumin da ke zaune a Yammacin Kogin Jodan. Sai a 2012 aka rufe maganar.

Abban Sadiq:
Yauwa Barista! Ka ga abin da nake faɗa. A Borat na biyu akwai tsohuwar da ta tsira daga kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa, an sadaukar mata da fim ɗin. Akwai matar da aka ba renon 'yar Borat, wadda ta nuna kirki, ya ba al'ummar cocinsu dala dubu 100. Duk sun cancanta, ban yi baƙin ciki ba. Amma mutanen Glod fa? Wasu in an taɓa su ana jin nauyi, wasu kuwa ko a jikin kowa. Turawan nan fuska biyu gare su, magana ta ƙare.

Baffa Tsoho:
Ba ta ƙare ba, amma bari in ba ka wani makamin kafin a ƙwace na hannunka. A 2006 ɗin dai, wani Baturen Ingila, Gabriel Range, ya yi Death of a President, dokumentarin bogi da ke nuna an harbe George Bush yana kan mulki. Manyan kamfanonin sinima na Amurka irin su Regal da Cinemark suka ce ba a gidansu ba. CNN ta ƙi karɓar tallarsa. Hillary Clinton, wadda ba jam'iyyarsu ɗaya da Bush ba, ta ce abin ƙyama ne. Shekara takwas bayan haka aka yi The Interview, inda aka kashe Kim Jong-un na Koriya ta Arewa, shi ma yana raye yana kan mulki, har ana nuna kansa yana cin wuta. Da Sony ta janye fim ɗin, Obama da kansa ya fito ya ce ta yi kuskure. Kallon fim ɗin ya koma kamar kishin ƙasa. Shugaba ne nan, shugaba ne can.

Ɗan Kamara:
Baffa, a yi adalci kaɗan. Sony ba don kunya ta janye ba, kutse aka yi wa kwamfutocinta kuma aka yi barazanar kai hari gidajen sinima. Obama yana magana ne kan miƙa wuya ga barazana.

Baffa Tsoho:
Gaskiyarka, na karɓa. Amma kafin barazanar, wa ya ce abin ƙyama ne? Nan nake nufi.

Kuma kada ku zaci sabon abu ne. BBC ta sa Peter Watkins ya yi The War Game a 1965, yana nuna yadda Ingila za ta kasance in bam ɗin nukiliya ya faɗo mata, kamar rahoton gaske. Da suka gani suka ce ya yi muni da yawa, ba za su nuna ba. Fim ɗin ya je ya ci Oscar a rukunin dokumentari, alhali ƙirƙira ne. Sai 1985 suka saka shi a talabijin. Hotunan Hiroshima ana nunawa, amma yankin Kent na Ingila yana ƙonewa a fim na ƙarya ya fi ƙarfin ido.

Maman Iklima:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Abban Sadiq, ƙanena, duk abin da ka faɗa kan Turawa na yarda. Amma ina da tambaya. Lokacin da Borat na biyu ya fito, wa ya cika mana zauren nan da hoton Rudy Giuliani kwance a kan gadon otal, da alamar dariya har layi uku?

Abban Sadiq:
Haba Anti, wannan ai daban ne. Giuliani lauyan shugaban ƙasa ne a lokacin, tsohon magajin garin New York. Tsokanar mai ƙarfi daban, tsokanar marar gata daban.

Maman Iklima:
Na yarda daban ne. To ɗaliban can masu maye, su ma masu ƙarfi ne? Ka yi musu dariya ko ba ka yi ba? Matar da ke shirya shiri a wani gidan talabijin na Jackson, a Mississippi, wadda ta ce ta rasa aikinta bayan ta bar Borat ya shiga shirin kai tsaye, ita wane ƙarfi gare ta? Ba ka ambace ta ba, don Ba'amurkiya ce. Kai ma mudunka biyu ne. Wanda ka ga ya yi kama da kai shi ne marar gata, wanda bai yi ba kuwa "ai shi ya jawo wa kansa." Laifi tudu ne.

Kuma mu da muke kukan an bar Borat ya zagi ƙasar da galibinta Musulmi ne, mu faɗi gaskiya: da irin waƙar nan da ya sa mutanen wata mashaya a Tucson suka amsa a shirinsa na talabijin, ta jefa Bayahude rijiya, ita kaɗai ce a fim ɗin, mutum nawa ne a zauren nan za su buɗe muhawara?

Gagarabadau:
Anti ta gama da ku. Shi ya sa ni nake cewa a bar kowa ya sha ba'a, babu wanda ya fi wani. Shi kansa Bayahude ne, tarihi ya karanta a Cambridge, kuma ƙungiyar kare Yahudawa ta ADL ta yi ƙorafi kan waccan waƙar. Bai bar nasa ba, don me zai bar na wasu?

Maman Iklima:
Kada ka yi murna, ban zo wurinka ba tukuna. Mutum ya yi wasa da ciwon gidansu, yana da hurumi, ya san inda zai tsaya. Ya ɗauki ciwon gidan wasu ya yi kasuwa da shi, wannan wani zance ne. "Kowa ya sha" magana ce ta wanda bai taɓa sha ba.

Barista Nura:
Kuma "kowa ya sha" ɗin ma ba ta kai kan mai ita ba. A 2021 wani kamfanin sayar da tabar wiwi a jihar Massachusetts ya kafa allon talla a bakin babbar hanya da hoton Borat ya ɗaga yatsu. Baron Cohen ya garzaya kotu yana neman dala miliyan 9, wai an yi amfani da kamanninsa ba da izininsa ba, an jingina shi da abin da bai yarda da shi ba. Daga baya aka janye ƙarar. A doka yana da hujja, ban musa ba. Amma ku sake karanta kukan nasa, ku ajiye shi kusa da na dattijon Glod.

Baffa Tsoho:
Wanzami ba ya son jarfa.

Ɗan Kamara:
Ni inda na tsaya: salon ba shi da laifi. This Is Spinal Tap na 1984 da The Office duk dokumentarin bogi ne, amma kowa a ciki ɗan wasa ne, ba a ci amanar kowa ba. Ko a masu yaudarar ma akwai wanda ya san inda zai saita bindiga. Chris Morris a shirinsa Brass Eye, a 1997, ya ƙirƙiro wata ƙwaya ta ƙarya mai suna Cake, ya bi fitattun mutane suna karanta gargaɗi a kanta da fuskar damuwa, har wani ɗan majalisa ya kai tambaya a kanta majalisar dokokin Birtaniya. Waɗannan su suka kawo kansu, suna son a gan su a talabijin suna wa'azi kan abin da ba su bincika ba. A 2001 ya yi na musamman kan yadda jaridu ke kasuwanci da labaran lalata yara. Ƙasar ta ɗauki zafi, ministoci suka yi Allah wadai, sai ga wata daga cikinsu ta amsa cewa ba ta ma kalli shirin ba.

Abu ɗaya da masu kallo ba sa lissafawa shi ne almakashi. Ka ba ni hirar awa biyu da kowane ɗayanku, wallahi zan fitar da minti uku da iyalinku ba za su gane ku ba. Wanda ya ce "kai, wannan ba daidai ba ne" ya tashi ya fita, ba shi da daɗin kallo, sai a yanke shi. Wanda ya yi shiru don kunyar baƙo, sai a riƙe kamara a fuskarsa ya zama kamar ya yarda. Da yawa daga cikin abin da ake kira tona asiri, kara ce kawai mutum ya yi wa baƙon da yake ganin bai san al'adar wurin ba. Ko shewar filin Salem ɗin da Gagarabadau ya kawo, mun ji masu shewa, ba a nuna mana waɗanda suka yi tsit ba.

Gagarabadau:
To in haka ne a rufe sana'ar ke nan? Jason Spencer, ɗan majalisar jihar Georgia, ya tuɓe wando yana ƙwala kalmar cin mutuncin baƙaƙe a gaban kamarar shirin Who Is America?, ya yi murabus a 2018. Almakashi ne ya sa masa kalmar a baki? Ba don yaudarar ba da ya kammala wa'adinsa yana yi wa mutane doka.

Ɗan Kamara:
Ban ce a rufe ba. Shi wannan ya ci abinsa. Na ce ne kafin in yi dariya ina tambayar kaina: wannan mutumin in ya ga fim ɗin gobe, yana da inda zai je ya ba da nasa labarin a ji shi?

Maman Iklima:
Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ya sa na shigo. Ba sai an je Romaniya ba. Ƙanena, uban 'ya'ya huɗu, yana hanyar dawowa daga aiki wasu samari suka tare shi da makirufo, wai ra'ayin jama'a suke ɗauka. Suka yi masa tambayoyi kusan goma, ya amsa lafiya. Ta ƙarshe irin mai tarkon nan ce, ya ruɗe ya ba da amsar shirme, shi kansa ya yi dariya ya gyara. Suka yanke gyaran, suka maimaita shirmen sau uku da sautin dariya da hoton jaki, suka saka a TikTok. Kwana biyu bayan haka babbar 'yarsa ta dawo daga makaranta ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci, 'yan ajinsu ne suka nuna mata. Shi ko takardar da Barista yake magana ba a ba shi ba. Mutumin da ke da surutu kamar rediyo, yanzu in ya hango matashi da waya a ɗage sai ya tsallaka titi.

Abban Sadiq, bidiyon da ka turo mana ranar Talata, na dattijon da aka tambaya babban birnin wata ƙasa ya kasa, ka san ko uban wane ne?

Ummi K.:
Innalillahi. Anti, ni ma na sa alamar dariya a ƙasansa.

Abban Sadiq:
Anti Maman Iklima, kin kama ni, ba ni da ta cewa. Allah ya ba ƙanenki haƙuri. Amma ban janye maganata ta farko ba fa: abin da aka yi a 2020 awo da mudu biyu ne, ko da ni ma ina da nawa mudun. Bidiyon Talata kuma na goge shi yanzu.

Gagarabadau:
Ni dai har yanzu ina ganin filin Salem ya biya kuɗin fim ɗin gaba ɗaya. Glod ce kawai ta tsaya mini a wuya.

Shugaban Zaure:
Jama'a, an turo mini saƙo uku ta bayan fage ana neman a hana saka bidiyon tarko a zauren nan. Zan buɗe ƙuri'a bayan sallar isha'i. Amma ku faɗa mini tun yanzu: haramcin ya haɗa da na 'yan siyasa ko a'a? Don na san halinku.

Abban Sadiq:
A'a, ranka ya daɗe, 'yan siyasa a bar mana su.

Barista Nura:
Na kowace jam'iyya, Abban Sadiq, ko na waccan kawai?

Gagarabadau:
Kafin ya amsa, wanda yake son na Talatar ya yi mini magana, na riga na sauke shi a wayata.

Maman Iklima:
Shugaba, fara da wannan.